Amsoshin Wasiƙunku: Kada Mai Saye Ya Buga Waya Ya Rasa Mai Ɗauka

Kamar yadda muka saba, wannan shafi yana kawo muku a rubuce amsoshin da aka karanta a filinmu na rediyo, domin wanda ya ji bai riƙe ba, ko kuwa batir ya mutu masa ana tsakiyar bayani, ya samu abin dubawa. A wannan mako mun ware wasiƙu huɗu daga Funtua da kewayenta, dukkansu kuwa a kan wayar tarho suke. Tun da akwai lambobi a cikin amsoshin, muna ba da shawara a yanke shafin a adana.

TAMBAYA TA FARKO

Wani Alhaji mai sayar da taki da iri da maganin feshi a Funtua ya ce yana da shago, da sito a bayan shagon, da ɗan ofis inda akawu ke zama. Da damina ta kama waya ba ta hutawa: yana magana da mutum ɗaya, wasu na nemansa suna jin layi a cike, daga baya ya ji sun saya a wani wuri. Ya lura manyan kamfanoni lamba ɗaya gare su, amma in ya buga sai a ce ya dakata a haɗa shi da wane. Yana so ya san yadda ake wannan, da kuma ko zai yiwu ga irinsu.

AMSA

To Alhaji, mun gode, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Abin da ka gani aikin wani akwati ne da ake kafawa a ofis. Masu aikin waya na ce masa PABX, ma'aikatan ofis kuwa sukan ce intakom. Mu a nan bari mu kira shi akwatin rarraba kira.

In kana so ka gane shi da sauri, dubi gidanka. Ƙofa ɗaya ce ke kallon titi, wato zaure, amma ɗakuna a ciki suna da yawa. Baƙo ba ya kutsa kai, sai ya yi sallama, yaro ya fito ya tambaye shi wa yake nema, ya shimfiɗa masa tabarma, sa'an nan ya shiga ya kira wanda ake nema. Mutanen gida kuwa in za su yi magana da juna ba sai sun fito titi ba. To haka akwatin yake. Layin da ya zo daga kamfanin waya shi ne ƙofar zaure. Wayoyin da ke kan teburan ma'aikata su ne ɗakuna, kowace da 'yar gajeruwar lambarta, kamar 101 da 102 da 103, ana ce musu estenshan. In akawu zai kira mai gadin sito, wannan gajeruwar lamba zai danna, kuma ba kobo da za a ci, domin kiran bai fita daga gida ba. In kuwa waje zai kira, sai ya fara danna 9 ko 0, gwargwadon yadda aka saita akwatin, ya ji layi ya buɗe, sa'an nan ya buga lambar.

Ƙananan akwatunan da aka fi gani a ofisoshi suna ɗaukar layin waje 3 da wayoyin ciki 8. Ma'anar wannan lissafi ita ce, mutum takwas na da waya a gabansu, amma uku kaɗai za su iya magana da waje a lokaci guda. Saboda haka kafin ka saya, ka fara ƙirga mutum nawa ke nemanka a lokaci ɗaya a ranar da kasuwa ta fi ci. Wannan ne zai gaya maka yawan layin wajen da kake bukata. Yawan tebura kuwa shi ke gaya maka yawan wayoyin ciki.

Yanzu ga ayyukan da akwatin ke yi.

Na farko, riƙe mai kira. Ka danna maɓalli, mai kira ya zauna a kan layi yana jin ɗan kiɗa ko ƙara, layi bai yanke ba, amma ba ya jin abin da ake faɗa a ofis. Wannan ya fi ƙarfin rufe bakin waya da tafin hannu, don kuwa murya na ratsa hannu. In ka juya kana tambayar akawu nawa kuka sayo buhu, mai ciniki ya ji, to ka riga ka faɗi ciniki tun ba a fara ba. Yawancin akwatuna kuma in aka manta da mutum a riƙe, bayan ɗan lokacin da aka ƙayyade sai wayar ta sake ƙara don tunatarwa.

Na biyu, miƙa kira. Iri biyu ne. Akwai wanda za ka riƙe mai kira, ka buga estenshan ɗin wanda ake nema, ka gaya masa wane ne a layi da abin da ke tafe da shi, in ya amince ka aje waya su ci gaba. Akwai kuma wanda za ka tura kawai ka aje, ba tare da ka san ko akwai mutum a teburin ba. Na biyun ya fi sauri, amma na farkon ya fi mutunci, domin mai kira ba zai sake maimaita bayaninsa daga farko ba, kuma ba za a tura shi ɗakin da ba kowa ba. A kan babban mai ciniki, ka horar da yaranka su yi na farkon.

Na uku, zagayen kira, wanda shi ne maganin matsalarka kai tsaye. Ana iya saita akwatin ta yadda in kira ya shigo duk wayoyin da ka zaɓa su yi ƙara tare, wanda ya riga ɗauka shi ke da kira. Ana iya sa shi ya bi jeri: ya fara da teburinka, in kana magana ko ba ka ɗauka ba ya wuce wurin akawu, daga nan ya wuce sito. Ana kuma iya sa shi ya riƙa karɓa-karɓa, don kada nauyi ya taru a kan mutum ɗaya. Sai dai ka lura da abu guda. Zagayen nan na cikin gida ne. In layin waje uku gare ka amma lamba ɗaya kaɗai mutane suka sani, to wannan lambar ce za ta cika sauran biyun na zaune. Dole a haɗa layukan wajen su ma, ta yadda in na farko ya cika kira ya zarce na biyu. Yadda ake yin wannan na cikin amsa ta biyu a ƙasa.

Na huɗu, ɗaukar kiran wani tebur. Wayar akawu na ƙara shi kuwa ya fita salla, ba sai ka tashi ba, akwai 'yar lambar da za ka danna a taka wayar kiran ya dawo wurinka.

Na biyar, tsarin rana da na dare. Da rana kira na zuwa teburin mai karɓar baƙi, in an tashi aiki sai a juya akwatin zuwa tsarin dare, kira ya riƙa zuwa ɗakin mai gadi ko inda ka ga dama. Akwatuna da yawa na juya kansu da agogo. Kada a manta da ranar Juma'a, lokacin da kowa ya tafi masallaci.

Na shida, kulle layi. Kai ne za ka faɗi wace waya ce ke iya kiran waje, wace ce ke karɓa kawai, wace ce aka yarda ta kira ƙasashen waje. Wasu akwatunan na kuma ajiye lissafin kowane kira: daga wane tebur, zuwa wace lamba, minti nawa. Wannan ya kan kashe gardama a ƙarshen wata.

Na bakwai shi ne muryar nan ta na'ura da ke cewa danna 1 in kana son kaza, danna 2 in kana son kaza. A nan muna jan hankali. Da zarar na'urar ta amsa, an fara cin kuɗin mai kira. Manomin da ya sa katin naira ɗari don ya tambayi ko taki ya iso, ba zai ji daɗi ba in kuɗinsa ya ƙare yana sauraron gaisuwar na'ura da Turanci. In za ka sa ta, a yi maganar da Hausa, a gajarta, zaɓi kada ya wuce uku, kuma wanda bai danna komai ba ya faɗa hannun mutum.

Sai batun ko zai yiwu a Funtua a yau. Irin waɗannan akwatuna sun yi tashe ne a zamanin NITEL, wadda aka kafa a 1985. A lokacin layukan da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, samun layi ɗaya ma sai an sha jira, shi ya sa bankuna da masaƙu da ofisoshin gwamnati ke raba 'yan layukan da suka samu ga tebura da yawa. Layin NITEL kuma da wutarsa yake zuwa daga ofishin waya, don haka ko an ɗauke wuta tarho na aiki. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki, MTN da Econet, wadda yanzu ita ce Airtel, suka shigo, Glo ta biyo baya a 2003, layin igiya kuwa ya yi ta ja da baya. Yau abin da ake yi shi ne a sayo wata 'yar na'ura mai ɗaukar sim, a jona ta da akwatin a matsayin layin waje. Akwai kuma sabon samfurin da ke tafiya ta intanet, wanda ke iya mai da wayar hannun ma'aikaci ta zama estenshan ko yana wani gari, muddin akwai data mai ƙarfi.

Abu uku za ka tambayi mai kafa maka. Wuta: yanzu akwatin da na'urar sim duk sun dogara da wutar ofishinka, in babu batir ko sola, da an ɗauke wuta ofis ya kurmance. Kayan gyara: kamfanin Panasonic, wanda akwatunansa suka cika ofisoshin ƙasar nan, ya ba da sanarwa a ƙarshen 2020 cewa zai daina ƙera su, saboda haka in tsoho za a kawo maka ka san daga ina za a samo abin da ya lalace. Sai lambar sirrin saiti: a canza wadda ta zo da akwatin, kuma ta kasance a hannunka, kada ta tsaya a hannun mai gyara kaɗai.

Amma Alhaji, in mutanen da ke amsa waya a wurinka ba su wuce uku ko huɗu ba, kada ka yi gaggawar kashe kuɗi. Yawancin ayyukan nan suna cikin wayar da ke aljihunka.

TAMBAYA TA BIYU

Wani dillalin hatsi daga Malumfashi ya ce yana cin kasuwannin ƙauye yana tara masara da dawa da waken suya. Sau da yawa yakan shiga inda babu sabis, masu saye daga Dawanau ta Kano su neme shi su rasa, kafin ya fito sun ba wani oda. Yana tambaya ko akwai dabarar da ƙanensa da ke zaune a shago zai riƙa amsa masa.

AMSA

Malam, akwai, kuma ba sai ka sayi komai ba. Ana ce masa juya kira, iri huɗu ne, kowanne da lambarsa. Za ka buga su ne kamar yadda kake duba kuɗin waya, da alamar tauraro * da alamar # wadda ake ce wa hash, sa'an nan ka danna maɓallin kira. Inda muka rubuta LAMBA sai ka sa cikakkiyar lambar ƙanen naka.

In ba a same ka ba, wato babu sabis ko waya a kashe: **62*LAMBA#

In kana magana da wani: **67*LAMBA#

In waya ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba: **61*LAMBA**20#

In kana so duk kira ya wuce can, taka wayar ba za ta ko yi ƙara ba: **21*LAMBA#

In za ka soke su duka gaba ɗaya: ##002#

A na ukun, 20 ɗin nan daƙiƙa ce, wato tsawon ƙarar da waya za ta yi a wurinka kafin kira ya wuce. Kana iya sa 5, 10, 15, 20, 25 ko 30. In ka sa 5, kafin ka ciro waya daga aljihun 'yar-shara kira ya tsere. In ka sa 30, mai kira na iya gajiya ya kashe. Tsakiya ta fi. Waɗannan lambobi na tsarin wayar salula ne na duniya baki ɗaya, ba na kamfani ɗaya ba, kuma ana samun su a cikin saitin kira na wayar. In layinka ya ƙi karɓa, ka kira 300, wadda tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta mai da ita lambar sashen kula da masu hulɗa ta dukkan kamfanoni.

A halinka, na farkon ne ya fi dacewa. Kana cikin sabis kai ne ke amsawa, da ka faɗa lungu sai kira ya wuce shago da kansa, da ka fito ya dawo maka, ba ka taɓa komai ba. Alhajin Funtua kuwa na biyun ne zai sa a kan layinsa na farko ya nufi na biyu, na biyu ya nufi na uku. Ka ga ke nan lamba ɗaya ya ba jama'a, amma ƙofa uku gare shi.

Ga abin da ya kamata ka fahimta game da yadda abin ke aiki. Umarnin juya kira ba a cikin wayarka yake zaune ba, yana can a kwamfutar kamfani. Shi ya sa yake aiki ko wayarka ta mutu ko ta faɗa rijiya. Amma shi ya sa kuma ba za ka iya ba da umarnin ba sai kana da sabis. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen yankin nan ba za su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori da Dandume da Faskari, aka kwashe watanni a haka. A irin wannan hali, wanda ya riga ya sa layinsa ya nufi wani ɗan'uwa a Zariya ko Kano in ba a same shi ba, masu nemansa za su samu mai amsa musu. Wanda bai sa ba kuwa sai ya yi tattaki zuwa inda akwai sabis kafin ya iya sawa.

Sai abubuwa huɗu na kiyayewa. Ɗaya, kuɗi: mai kira na biyan kiransa zuwa layinka, amma daga layinka zuwa na ƙanenka kai ne ake ci, kamar kai ka buga. In babu kuɗi a layinka kiran ba zai wuce ba. Biyu, kiran murya kaɗai ke juyawa, saƙon tes da alat na banki suna nan a layinka, kiran WhatsApp ma ba ya bin wannan hanya. Uku, kada ka juya naka zuwa nasa shi ma ya juya nasa zuwa naka, don mai kira zai rasa ku duka biyu. Huɗu, kuma wannan ya fi sauran muhimmanci, ka gaya wa ƙanen naka iyakarsa. Ya san farashin yau, ya san buhu nawa ke sito, ya san abin da zai iya yankewa da wanda zai ce a jira ka. Ya aje littafi ya rubuta sunan mai kira da lambarsa da lokaci da abin da yake so. Mai amsa wayar da bai san komai ba, bambancinsa da wayar da ba a ɗauka ba kaɗan ne.

TAMBAYA TA UKU

Wata Hajiya, ma'ajin ƙungiyar mata masu sarrafa shinkafa a yankin Dandume, ta ce wani lokaci tana magana sai ta ji wayar na ɗan ƙara a kunnenta, in ta duba sai kiran ya yanke mata duka. Ta kuma ji an ce ana iya haɗa mutane da yawa a kira ɗaya, tana so ta san yadda ake yi da kuma wanda ke biya.

AMSA

Hajiya, barka da ƙoƙari. Ƙarar nan da kike ji sallama ce, wani ne ke kiranki kina kan layi. Ana kunna wannan da *43#, a kashe shi da #43#, a duba ko yana kunne da *#43#. Abin da ke yanke miki kira shi ne jan maɓalli. In kina son amsa na biyun, ki ce wa ta farko ta ɗan dakata, ki danna koren maɓalli ko inda aka nuna amsawa. Ta farkon za ta zauna a riƙe, ba ta jin abin da kuke faɗa. In kin gama ki koma mata. Sai dai ki tuna, in ita ta kira ki, kuɗinta na tafiya duk tsawon jiran, in ke kika kira ta, naki ne ke tafiya. Don haka in maganar za ta yi tsawo, gara ki ce za ki sake kira, kuma ki cika alkawari.

Haɗa mutane kuwa daga nan ya samo asali. Ki kira ta farko, ki riƙe ta, ki kira na biyu, sa'an nan ki zaɓi haɗewa a fuskar wayar. Tsarin ya yarda a haɗa har mutum biyar ban da ke, in kamfaninki ya buɗe miki wannan aiki. Duk wanda ke kika buga wa, ke ce ke biyan nasa, wato in kin haɗa mutum huɗu na minti goma, kuɗin minti arba'in za a ci. Amfaninsa ya fi fitowa a ciniki mai ɓangare uku. Ga mai saye, ga direban mota, ga ku masu kaya: a faɗi yawan buhu da kuɗin mota da ranar lodi kowa na ji, ba wanda zai zo daga baya ya ce ba haka aka gaya masa ba. Ladabin abin shi ne duk wanda kika shigo da shi ki sanar da sauran. Sa mutum ya yi magana bai san akwai wani mai sauraro ba cin amana ne.

Tun da ƙungiya ce, ki kuma je ofishin kamfanin wayarku ki tambayi abin da ake kira CUG. Tsari ne da ake haɗa layukan mutanen ma'aikata ko ƙungiya ɗaya, a biya ƙayyadadden kuɗi a wata, su riƙa kiran junansu ba tare da ana cin katinsu ba. Shi ne kwatankwacin intakom ga mutanen da ba a gini ɗaya suke ba. Ki tambayi sharuɗɗa da mafi ƙarancin yawan layukan da suke karɓa, ki yi lissafi da abin da kuke kashewa yanzu kafin ki sa hannu.

TAMBAYA TA HUƊU

Wani matashi mai sana'ar cajin waya a Bakori ya ce ana yaɗa cewa in mutum ya buga *#21# ko *#62# ya ga wata lamba, to ana sauraron wayarsa a ɓoye. Shi ya buga ya ga lambar da bai sani ba, hankalinsa ya tashi.

AMSA

Samari, kwantar da hankalinka. Waɗannan lambobi ba sa nuna ko ana sauraron mutum. Tambaya ce kawai kake yi wa kamfani: ina kirana ke zuwa? *#21# na nuna ko an juya duk kiranka, *#62# na nuna inda yake zuwa in ba a same ka ba, *#61# in ba ka ɗauka ba, *#67# in kana magana. Lambar da mutane da yawa ke gani a *#62# ta akwatin saƙon murya ce na kamfanin kansa. In kana shakka, buga ##002# ka share, ko ka kira 300 ka karanta musu lambar.

Amma tambayarka ta taɓo wani haɗari na gaske, kuma tsoho ne, ya kusa kai shekarun tarho kansa. A 1876 Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho a Amurka, a 1878 aka buɗe ofishin haɗa waya na farko na kasuwanci a garin New Haven, inda mutum ne ke zaune yana jona masu kira da hannu. Ana ba da labarin wani mai sana'ar shirya jana'iza a birnin Kansas, Almon Strowger, wanda ya yi zargin cewa mai haɗa waya na karkatar da masu nemansa zuwa wurin abokin hamayyarsa. Shi ne ya ƙirƙiro na'urar da ke haɗa kira da kanta, ya yi mata rajista a 1891. Ka ga tun a wancan zamani an gane cewa wanda ke riƙe da hanyar kiranka yana riƙe da cinikinka.

A yau ta hanya biyu ake yi. Ta farko, wani ya ari wayarka na minti ɗaya ya buga **21* da tasa lambar. Daga nan wayarka ta yi tsit, kana cewa kasuwa ce ta yi sanyi, alhali masu sayenka na magana da wani, har ya ba su lambar asusun da ba naka ba. Ta biyu, a kira ka a ce daga kamfanin waya ne ko banki, ko a ce ka ci wata kyauta ko tallafin taki, a karanto maka lambobin da za ka buga masu farawa da tauraro. In ka buga, kai da hannunka ka juya musu kiranka, sai su nemi a aiko lambar tabbatarwa ta WhatsApp ta hanyar kiran murya, ta faɗa wurinsu, su ƙwace shafinka su shiga roƙon kuɗi da sunanka. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Kada ka buga lambar da baƙo ya karanto maka, kada ka faɗa wa kowa lambar tabbatarwa, ka sa wa wayarka makulli, in kuma ka ga waya ta yi shiru fiye da yadda ta saba ka sa wani ya kira ka a gabanka. Ku masu cajin waya, wayoyin jama'a na kwana a hannunku, amana ce, ku kuma riƙa wayar musu da kai.

Sauran abu ɗaya da ya shafi duk masu wasiƙun nan huɗu. Lambar da aka san kasuwancinka da ita dukiya ce kamar shago. Tun Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma wanda aka yi rajista da sunansa shi kamfani ya sani. In layin shago na da sunan yaron shago, ranar da ya bar aiki yana iya zuwa ya karɓi sabon sim, ya tafi da masu cinikinka. Ka yi rajista da sunanka ko na kamfaninka. Kada kuma ka jefa layin a akwati daga kaka zuwa kaka, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan janye shi ya ba wani. In sabis ɗin kamfaninka ne bai yi maka ba, tun 2013 ana iya komawa wani kamfani da lambar ba tare da ta canza ba. In kuma ka kai ƙara wurin kamfani ba a share maka hawaye ba, lambar hukumar NCC ita ce 622, kyauta ce.

A nan za mu dasa aya a wannan mako. Sauran wasiƙun da suka iso, musamman masu tambaya a kan adana hatsi da farashin auduga, suna nan a jaka, za mu kai kansu in Allah ya yarda. A ci gaba da rubuto mana, a riƙa sa sunan gari da sana'a domin amsa ta dace da mai tambaya. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Mu huta lafiya.